Abin da ke sa kat-kat ta ƙi kwana ko ta kwashe baya

Mai motar da ke zirga-zirga tsakanin Gidan Runji, Maraɗi, Cadawa, Agye da Gazawa yana tuƙi ne a kan ƙasa iri uku: kwaltar babbar hanyar da ta taso daga Yamai ta nufi Damagaram, jar hanya mai tsakuwa da gargada, sai rairayin da ke kai mutum ƙauyukan Cadakori, Saye Sabuwa ko Gangara. Shi ya sa kowa ke son kat-kat, mota mai ja da ƙafa huɗu. Matsalar ita ce da yawa sun ɗauka motar da ke fita daga rairayi ba ta kafe ba za ta riƙe hanya a kwana fiye da sauran motoci, kuma wannan zaton ne ke kai Hilux cikin gonar gero. Ja da ƙafa huɗu yana taimakon mota ta tashi, ba ya ƙara wa taya riƙo a kwana ko a birki.

Dukan nauyin mota yana kan wurare huɗu ne inda taya ta taɓa ƙasa, kowane bai fi tafin hannu sosai ba, kuma riƙon da ke wurin yana da iyaka. Da shi ake ja, da shi ake birki, da shi ake juyawa, in ɗaya ya cinye kasonsa sauran sun rasa. Idan tayoyin gaba suka fara rasa riƙo, direba zai murɗa sitiyari mota ta miƙe abinta, wato ta ƙi kwana. Idan na baya ne suka riga, bayan motar zai kwashe ya nemi wuce gaban. Ƙarfin da ke tura mota waje a kwana yana ƙaruwa fiye da yadda gudu ke ƙaruwa: wanda ya ninka gudunsa ya ninka wannan ƙarfin sau 4, wanda kuma ya tashi daga kilomita 60 zuwa 80 a awa ya kusa ninka shi biyu. Masu ƙera motoci da gangan suke sa su ɗan fi karkata ga ƙin kwana, domin direban da ya firgita ya sassauta totur zai ga gaban ya dawo kan hanya, alhali kwashewar baya sai gwani ke iya tare ta.

Wannan daidaiton da kamfani ya yi ne muke rushewa a gareji da tasha. Hilux tana ɗaukar kimanin tan ɗaya, har da mutanen da ke ciki, wato buhu goma masu kilo 100 sun cika ta kafin kowa ya hau. A ranar kasuwa kuwa, lokacin da aya da wake da gyaɗa ke fitowa daga ƙasar Agye da Gazawa, ana jibga buhuna har su wuce kan direba, a buɗe ƙofar baya a ƙara wasu a kanta, mutane su zauna a sama. Kayan da suka wuce tayoyin baya suna ɗaga gaban mota, sitiyari ya yi sakwat, ta ƙi shiga kwana. Da direba ya tsorata ya cire ƙafa daga totur ko ya taka birki, nauyi ya koma gaba, gaban ya cafke, bayan mai nauyi ya kwashe. Cuta biyu ke nan a kwana ɗaya. Kayan da aka tula sama kuma su ne ke mai da zamewa ta zama kifewa. A 2016 wata mujallar motoci ta ƙasar Suwidin ta gwada sabuwar Hilux da kaucewar gaggawa, irin wadda direba zai yi in saniya ko amalanke ta faɗo hanya, motar ta ɗaga ƙafa biyu ta kusa kifewa, kuma da kayan da doka ta yarda ne a cikinta.

Makaniki zai ce maganin ai sananne ne: a ƙara ƙarfe ɗaya ko biyu a sifirin na baya, mota ta daina zama. Gaskiya ne za ta daina zama, amma akwai abin da aka saya da wannan. Duk ɓangaren da aka ƙara wa tauri, gaba ko baya, shi zai ɗauki kaso mafi yawa na nauyin da ke komawa gefe a kwana, kuma shi zai riga rasa riƙo. Taurara baya yana nufin ƙara wa mota son kwashewa. Abin ya fi muni idan ta sauke kaya tana dawowa fanko a kan gargada, domin tayoyin baya tsalle suke yi, taya kuwa in tana sama ba ta riƙe komai. Ƙarin ƙarfe bai ƙara wa birki ƙarfi ba, bai ƙara wa taya juriya ba. Wanda aikinsa dakon kaya ne kullum yana iya sa sifirin mai ƙarfi, amma ya sa cikakke na ɓangare biyu iri ɗaya, tare da shokar da ta dace da shi. Haka nan sandar ƙarfen nan da ke haɗa ƙafafun gaba don hana mota kwanciya gefe, wadda ake cirewa a yar idan ta dami mutum da ƙara: robobinta ne suka ci, su za a sake. Cire ta yana sa mota ta kwanta a kwana, bayanta kuma ya fi saurin kwashewa.

Kafin a taɓa sifirin, a fara da mai arha. Tayoyi huɗu su zama girma ɗaya, zane ɗaya in da hali, musamman a motoci irin RAV4 da Prado, inda bambancin girman taya ke gajiyar da abin da ke raba ƙarfi tsakanin gaba da baya. In biyu kawai za a iya saya, sababbin su tafi baya. Mai sayen taya ta hannu ya duba lambobi huɗun ƙarshe na shedar da ke gefenta: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka ƙera ta. Zane mai kyau a kan robar da ta shekara goma yaudara ce. Iska kuma a auna ta da safe kafin taya ta yi zafi, a bi adadin da ke rubuce a jikin ƙofar direba. Rage iska a rairayi dabara ce mai kyau, amma wanda ya hau kwalta bai tsaya wurin mai faci ya mayar ba yana tuƙa mota mai lilo, tayar kuma tana dahuwa a zafin watan Afrilu. Sai shoka: in tana yoyon mai, ko mota na ci gaba da rawa bayan ta wuce rami, a sake su biyu-biyu. Kaya masu nauyi su zauna ƙasa, kusa da kan direba.

Akwai masu cewa su a jan ƙafa huɗu suke barin motar kullum don ta fi zama daram. A jar hanya da rairayi suna da hujja, motar ta fi tafiya a miƙe. Amma a Hilux da Land Cruiser irin ta 70, wannan giyar tana ɗaure gaba da baya su juya tare, alhali a kwana tayoyin gaba sun fi na baya nisan tafiya. A kan busasshiyar kwalta sakamakon shi ne ƙin kwana, cin taya da lalacewar giya, don haka a cire ta da zarar an hau kwalta. In gaba ya miƙe, a sassauta totur a hankali, kada a ƙara murɗa sitiyari. In baya ya kwashe, a juya sitiyari ɓangaren da ya tafi, a kalli inda ake so a je, a bar birki. Sababbin motoci suna da na'urar da ke taka birkin taya ɗaya don daidaita su, wadda Tarayyar Turai ta wajabta tun 2014, sai dai in fitilarta ko ta birkin ABS ta tsaya a kunne a gaban direba yana tafiya, ya sani ba ta aiki, kuma sau da yawa waya ce kawai ta tsinke kusa da taya.