Podkas a Hannun Malami: Yadda Murya Take Tsawaita Darasi

Babbar matsalar malamin sakandare ita ce ƙarancin lokaci da cunkoson aji, domin darasin minti 40 yakan ƙare a rubutun allo da kwafar ɗalibai, ta yadda bayani da tambaya ba sa samun gurbi, kuma wanda ya yi fashi ko yake zaune can baya ba shi da hanyar sake jin abin da aka faɗa. Podkas, wato shirin murya da ake naɗa a ajiye domin mai sauraro ya ji a lokacin da ya ga dama, yana rage wannan matsala idan an yi shi bisa tsari. Sunan ya bayyana a 2004, amma koyo ta kunne tsohon abu ne a ƙasar Hausa, inda Sashen Hausa na BBC yake watsa shirye-shirye tun 1957, kuma a 2020, da annobar korona ta sa aka rufe makarantu, jihohi irin su Kano da Kaduna sun koyar ta rediyo. Bambancin shi ne darasin rediyo yana wucewa, podkas kuwa ana iya tsayar da shi a maimaita.

Amfaninsa ya fi fitowa a darussan harshe, saboda rubutun Hausa na yau da kullum ba ya nuna tsawon wasali ko karin sauti, wato hawa da saukar murya a kan gaɓa, shi ya sa garin da ake zama da garin tuwo suke da rubutu ɗaya alhali kunne yana rarrabe su nan take. Haka ma furucin Ingilishi, wanda ake jarraba ɗalibai a kansa a WAEC.

Shawara ta farko ita ce malami ya rubuta abin da zai faɗa kafin ya naɗa, ya taƙaita shi ga batu guda da bai wuce minti 10 ba, sannan ya rufe da tambaya biyu ko uku da za a amsa a aji washegari, domin sauraron da ba a bi shi da aiki ba hira ce kawai. Wayar hannu da ɗaki marar hayaniya sun wadatar, kuma manhajar Audacity, wadda kyauta ce, tana yanke kurakurai. Naɗin minti 10 mai matsakaicin inganci bai cika wuce megabait 5 ba, don haka ana iya raba shi ta Bluetooth ko katin memori ba tare da sayen data ba, waɗanda gidansu babu waya kuma a kunna musu a makaranta da ƙaramar lasifika.

Shawara ta biyu ita ce ɗalibai su naɗi nasu shirin rukuni-rukuni, misali hira da maƙeri ko marini a kan sana'arsa, wanda hakan yake tilasta musu tsara tambayoyi da rubutu da gyara. Sai dai Dokar Kare Bayanan Jama'a ta Najeriya ta 2023 ta wajabta neman amincewar iyaye kafin a sarrafa bayanan yaro, saboda haka muryar ɗalibi ba za ta fita daga makaranta ba sai da izininsu.