Kafin a huda, a san yadda za a toshe

Ɗana, na ji daɗi da ka kama karatun injiniyan man fetur, Allah ya sa albarka. Ba zan ce ka bari ba, don da man nan ake kai marar lafiya asibiti, da shi injin ban-ruwa ke tashi a fadama. Tambaya ɗaya nake so ka riƙa yi duk inda aiki ya kai ka: in abin ya ɓaci, muna iya gyarawa?

Ranar 20 ga Afrilun 2010, dandamalin haƙar mai na Deepwater Horizon ya yi bindiga a mashigin tekun Meziko, ma'aikata 11 suka rasu. Bakin rijiyar na can ƙarƙashin ruwa, zurfin mita 1,500, inda babu gwanin nutson da zai kai, sai na'urorin da ake sarrafawa daga jirgi. Simintin da aka liƙe ta da shi bai riƙe ba, na'urar da aka tanada don datse bututun ta gaza. Kwana 87 mai na kwarara, kamfanin BP da duk dukiyarsa yana gwada wannan yana gwada wancan, masuntan Louisiana kuma na zaune babu fita. An iya hudawa, ba a tanadi toshewa ba. Mu ma mun ɗanɗana a Disamban 2011, da ganga kusan 40,000 ta malale daga filin Bonga, masuntan gaɓar Neja Delta suka kwana a ciki.

Can sama ma haka ne. A 2009 tauraron ɗan'adam na Iridium ya yi karo da wani mataccen tauraron Rasha a saman Siberiya, suka tarwatse gutsi-gutsi, kuma har yau wasu ɓaraguzan na kewaya duniya da gudun da ya fi na harsashi. Muna amfana da taurarin ɗan'adam wajen hasashen damina, amma mai harbawa ya kamata ya faɗi wa zai kwashe.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, a ranar da rijiyar can ta mashigin tekun Meziko ta fashe an yi mata gwaji, sakamakon ya nuna da matsala, aka yi masa wata fassara aka ci gaba, ga shi aiki ya makara. Wata rana kai za a miƙa wa irin wannan sakamako, ɗana. In bai kwanta maka ba, ka ce a dakata a sake, ko da na gaba da kai zai ɓata rai.