Niyya da Sakamako: Da Wanne Ake Auna Aiki?



Mutanen Arewa, daga Dogon Dutsi da Matankari har Tibiri, sun san ciwon sanƙarau da yake zuwa da zafin bazara. A shekarar 1995, lokacin da annobarsa ta mamaye Nijar, an yi wa fiye da mutum 50,000 rigakafi da wani maganin da ya shigo a matsayin gudummawa, daga baya aka gano jabu ne. Ma'aikatan lafiya sun yi allurar don ceton rai, amma ba ta kare kowa ba. To, mene ne matsayin aikinsu?

A wurin Allah lada yana bin niyya. Da wannan Imamul Buhari ya buɗe littafinsa, a hadisin Sayyidina Umar (R.A). A Buharin kuma akwai labarin wanda ya fitar da sadaka cikin dare, ta faɗa hannun ɓarawo, da mazinaciya, da mawadaci, aka yi masa bushara da cewa an karɓa. Don haka ma'aikacin da ya bi ƙa'idar aikinsa, aka yaudare shi, yana da ladansa. Zunubin yana wuyan wanda ya haɗa jabun.

Sai dai kyakkyawar niyya ba ta wanke sakaci. Abu Dawuda ya ruwaito cewa wani sahabi ya samu rauni a ka, janaba ta same shi, abokan tafiyarsa suka ce sai ya yi wanka. Ya yi, ya rasu. Addini suka nufa, amma Manzon Allah (S.A.W) ya ɗora musu laifin mutuwarsa, don sun yi fatawa ba su tambaya ba. Imamul Gazali ma ya bayyana a Ihya'u cewa niyya tana mai da abin da yake halal ya zama ibada, amma ba ta mai da saɓo ya zama ɗa'a.

Akwai kuma haƙƙin bayi, wanda yake bin abin da ya auku. Aya ta 92 a Suratun Nisa'i ta wajabta diyya da kaffara a kisan kuskure, alhali mai shi bai nufi kisa ba. Haka makiyayin da shanunsa suka kuɓuce da dare suka ci geron wani a Dallol Mawri: a mazhabar Malikiyya zai biya ɓarnar, ko da zuciyarsa fara ce.

Ke nan muridi yana da aiki uku. Kafin aiki, ya tsarkake nufinsa daga riya. Cikin aiki, ya nemi sani: wanda ɗan'uwansa na zawiya ya kwanta, bai kamata ya sayo masa ƙwayoyi a hannun mai talla ranar kasuwa ba, ya kai shi asibiti. Bayan aiki, in cutarwa ta biyo baya, ya rama abin da ya ɓata, ya nemi yafiya, kada ya fake da cewa alheri ya nufa.

Wanda ya cika ukun nan, sai ya bar sakamako ga Mai shi. Allah Ya gyara zukata da ayyuka, albarkar Annabi (S.A.W). Amin.