Ragowar Fentin Mai: Ina Za Mu Kai Shi?

Duk sa'ad da Kirsimeti ko ziyarar Bishop ta gabato, mukan shafe ƙofofin coci da tagogi da bencina da fentin mai. Bayan biki kuwa sai mu watsar da gwangwanayen a bayan coci, ba mai tunawa da su sai yara. Littafin Farawa 2:15 ya koya mana cewa Allah ya danƙa wa mutum amanar lura da ƙasa, Paparoma Faransis kuma ya tuna mana da haka cikin wasiƙarsa Laudato Si' ta 2015. Amanar nan ta kai har kan gwangwanin fenti.

Fentin mai ba ya narkewa cikin ruwa. In muka tuttular da shi a kwata ko kusa da rijiya, yana iya gurɓata ruwan shan maƙwabcinmu. In muka ƙona shi, hayaƙinsa guba ne. Wani fentin ma yana ɗauke da dalma, wadda take lalata ƙwaƙwalwar yara. Ba mu manta da Zamfara ba, inda gubar dalma ta hallaka yara fiye da 400 a 2010. Daga haƙar zinariya ta fito, ba daga fenti ba, amma gubar ɗaya ce. Saboda haka kada gwangwanin fenti ya zama abin ɗiban ruwa ko na awon hatsi, komai wankin da ya sha. Mun san tattali ne yake sa iyayenmu mata yin haka, amma wannan tattalin yana da tsada.

Hanya mafi kyau ita ce mu ƙarar da fentin a kan aiki, ko mu rufe murfin gam mu ba wata ƙaramar majami'a ta ƙauye mai bukata. In ɗan kaɗan ne ya rage a gindin gwangwani, mu gauraya shi da yashi, mu bar shi ya ƙafe a sarari, nesa da wuta da yara da dabbobi. Kananzirin da muka wanke burushi da shi kuwa, a bar shi ya kwanta, a tsiyaye, a sāke amfani da shi wajen wankin burushi kaɗai.

Tsummokin da suka sha fenti su ne abin da muka fi rainawa. In aka dunƙule su wuri ɗaya, suna iya ɗaukar zafi har su kama wuta da kansu. Mu shanya su ɗaya-ɗaya a waje su bushe sarai, kada a tara su a ɗakin ajiyar kayan Mass.

In ragowar tana da yawa, kwamitin coci ya nemi shawarar hukumar kiyaye muhalli ta jiha kafin a zubar da kome.