Koyon Kalmomin Ilimi na Ingilishi: Darasi Daga Fadamar Haɗeja

1.0 Gabatarwa

Sanin kowa ne cewa ɗalibi ba ya samun shiga jami'a a Nijeriya sai ya sami kiredit a Ingilishi a jarrabawar WAEC ko NECO, sa'an nan ya tsallake ta JAMB. Wanda kuwa ke neman ƙaro ilimi a Ingila ko Amurka akan bukaci ya zauna IELTS ko TOEFL. A irin waɗannan jarrabawoyi akan kawo matani kan muhalli ko kan halin ɗan Adam, a tsamo wasu kalmomi, a nemi ɗalibi ya kawo waɗanda za su maye gurbinsu yadda aka yi amfani da su a matanin. A nan ne da yawa ke tuntuɓe, wani har ya yi asarar shekara guda.

Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa ɗalibin da ya tashi a ƙasar Haɗeja ya riga ya san yawancin abubuwan da kalmomin nan suke nufi. Sunayensu na Ingilishi kurum ya rasa. Saboda haka hanyar da ta fi dacewa ita ce ya fara daga abin da ya gani da idonsa, ya kira shi da Hausa, sa'an nan ya nemi sunansa na Ingilishi. Hausawa dai sun ce da ruwan ciki ake jan na rijiya.

2.0 Kalmomin Yau da Kullum da Kalmomin Ilimi

Ingilishi yana da rukunin kalmomi biyu: na hira, da na littattafan ilimi, waɗanda akasarinsu aro ne daga Latin da Girkanci. Wannan ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe, domin haka Larabci yake a Hausa. Alal misali, 'sani' da 'ganewa' na gida ne, 'ilimi' da 'fahimta' kuwa aro ne. Haka 'see' take da 'perceive', haka kuma 'worry' da 'anxiety'.

A shekarar 2000 Averil Coxhead ta Jami'ar Victoria da ke Wellington ta fitar da jerin dangogin kalmomi 570 da suka fi yawan fitowa a rubuce-rubucen ilimi. A cikinsu akwai 'environment' da 'erode' da 'migrate' da 'adapt' da 'psychology'. Jerin yana da amfani, amma haddace shi kamar karatun allo, kalma ɗaya da fassara ɗaya, shi ne tushen kuskuren da za a gani a ƙasa.

3.0 Kalmomin Muhalli

Kogin Kano da Kogin Calawa su ne suka haɗu suka zama Kogin Haɗeja. Shi kuma idan ya wuce garin Haɗeja sai ya rarrabu, ya malala cikin fadamun Haɗeja da Nguru, ya gamu da ruwan Kogin Jama'are, su zama Kogin Yobe wanda ke gangarawa Tafkin Cadi. Duk wanda ya taɓa bin wannan ƙasa da damina ya ga abin da masana suke kira 'floodplain', watau shimfiɗaɗɗiyar ƙasar da kogi kan malale idan ya cika.

Sai dai Bahaushe da kalma ɗaya, fadama, yake kiran abin da Ingilishi ya rarraba. 'Floodplain' tana duban malalar kogi; 'wetland' suna ne na kowace ƙasa mai riƙe ruwa; 'marsh' ita ce mai ciyayi; 'swamp' kuwa galibi mai itatuwa ce. Ɗalibin da ya haddace cewa fadama 'swamp' ce, ya sa ta a gurbin 'floodplain', ya faɗi ke nan, alhali ya fi mai gyaran takardarsa sanin fadamar. Abin lura ma shi ne, kalmar fadama ita kanta ta shiga rubutun masana na Ingilishi, har shirin noman rani da gwamnatin tarayya ta fara da Bankin Duniya a farkon shekarun 1990 da ita aka raɗa masa suna.

Tarihin kogin ma darasi ne. An kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ta Calawa kuma a 1992. Daga nan malalar damina ta ragu, ruwa kuma ya riƙa gudana har da rani, laka ta kwanta a hanyoyin ruwa, ciyawar kacalla ta cushe su, tsuntsayen jan-baki suka sami maɓoya a cikinta suna yi wa shinkafa ɓarna. A wannan labari akwai kalmomin jarrabawa aƙalla huɗu. Lakar da ta kwanta ita ce 'sediment', asalinta kuwa a Latin daga aikatau mai ma'anar zama ne, kusan yadda Bahaushe ke cewa ta kwanta. Zaizayar gaɓar kogi ita ce 'erosion', daga aikatau mai ma'anar gaigaya. Tsiron da ya mamaye wuri irin na kacalla shi ake siffantawa da 'invasive'. Zaman cuɗe-ni-in-cuɗe-ka na kifi da tsuntsu da ciyawa da masunta da makiyaya da manoma shi ne 'ecosystem', farkonta kuwa daga kalmar Girkanci ne mai ma'anar gida.

Akwai kuma inda Hausa ce ta fi rarrabewa. Tsuntsayen da kan baro Turai da sanyi su sauka a Baturiya da Dagona, da shamuwa mai zuwa da damina, da saurayin da ya tafi Legas cin rani, da iyalin da suka yi ƙaura bayan ambaliya, duka 'migration' Ingilishi zai kira tafiyarsu. A nan ɗalibi zai ga kalma ɗaya tana ɗauke da abin da Hausa ta raba gida uku: ƙaura, cin rani da hijira.

4.0 Kalmomin Halin Ɗan Adam

Wannan rukuni ya fi wuya, domin abin da yake nufi ba a nuna shi da yatsa. Har ila yau, harsunan biyu ba wuri ɗaya suke ajiye abin da mutum ke ji ba. Bahaushe a ciki yake ajiye murna da ɓacin rai, shi ya sa yake cewa farin ciki da baƙin ciki. Zuciya kuwa takan zama 'heart', takan zama 'mind', idan kuma aka ce wane ya yi zuciya, fushi ake nufi. Haka hankali: na mai hankali daban, na wanda hankalinsa ya tashi daban, na mai tafiya a hankali daban.

Duk da haka, fadama tana iya warware su. A ɗauki manomin shinkafa a Auyo ko Kirikasamma cikin watan Agusta, a shekarar ambaliya irin ta 2020 ko 2022. Ruwa yana ta hauhawa, jinga ba ta karye ba tukuna, amma barci ya gagare shi. Wannan zullumin abin da bai riga ya auku ba shi ne 'anxiety'. Idan jingar ta ɓalle ruwa ya doso gida, tsoron abin da ke gabansa shi ne 'fear'. Idan ya ruɗe har ya rasa abin da zai ɗauka, 'panic' ke nan. Idan kuwa shekara ta zagayo, ƙarar hadari tana tayar masa da abin da ya wuce har ya kasa sukuni, ana maganar 'trauma'. Ƙamus na iya fassara kusan dukkansu da tsoro, amma manomin ya san ba ɗaya suke ba.

Wata kalmar da kan ruɗa ɗalibai ita ce 'resilience', wadda sukan fassara da haƙuri. A laccarsa ta Mutumin Kirki da aka buga a 1974, Kirk-Greene ya lissafa haƙuri cikin manyan halayen da Hausawa ke yabo. Amma haƙuri jurewa ne da dangana, 'resilience' kuwa asalinta daga aikatau mai ma'anar tsalle a komo ne, watau farfaɗowa. Manomin da ya ce Allah ya sa haka shi ne mafi alheri ya yi haƙuri. Wanda ya jira ruwa ya janye, ya shuka wake a danshin da ya bari, ko ya ɗauki koma ya shiga su kafin gona ta bushe, shi ne ya nuna 'resilience'. Sauya sana'ar da ya yi domin ta dace da halin da ya sami kansa kuwa ita ce 'adaptation'.

5.0 Hanyar da Ta Dace

Daga abin da ya gabata ana iya tsamo matakai huɗu. Na farko, kowace sabuwar kalma a ɗaura ta a kan abin da aka taɓa gani. Na biyu, a nemi takwararta ta Hausa, a kuma rubuta inda suka saɓa, domin a wurin saɓanin ne mai jarrabawa kan ɗana tarko. Ƙamusun Bargery na 1934 da na Ingilishi zuwa Hausa na Roxana Ma Newman na 1990 za su taimaka a nan. Na uku, a koyi kalma tare da danginta, kamar 'erode' da 'erosion', domin wanda ya sa suna a gurbin aikatau ya rasa makin ko da ma'anar ta yi daidai. Na huɗu, a gina jimla da ita a kan garin da aka fito.

6.0 Kammalawa

An ga cewa matsalar ɗalibin Haɗeja ba rashin sanin abu ba ce, rashin haɗa abin da sunansa ne. An kuma ga cewa wani lokaci Ingilishi ne ke rarraba abin da Hausa ta dunƙule, wani lokaci kuwa Hausa ce ke rarrabawa. Wannan aiki ne da ya rataya a wuyan ɗaliban sashen Hausa, musamman waɗanda suka fito daga wannan yanki: su tattara kalmomin masunta da manoma da makiyaya daga bakin masu su, su jera su da takwarorinsu na Ingilishi, tare da bayanin inda suka dace da inda suka saɓa. Ƙannensu na sakandare za su amfana, Hausa kuma za ta sami kalmomin da za ta koyar da kimiyya da su.