Darasi: Mai a Ruwa da Ƙwan Kifi

'Yan'uwa, idan muka ga manyan kifaye suna yawo a kogi, mukan ɗauka ruwan lafiya lau yake. Ba kullum haka yake ba. Babban kifi yana iya guje wa ruwan da ya ɓaci, amma ƙwai inda aka zuba shi nan yake zama.

Mu dubi tarwaɗa. Da damina, sa'ad da ruwa ya malala cikin fadama, takan hau wuri marar zurfi ta zuba ƙwai, su manne a jikin ciyawa. Nan ne kuma mai yakan taru, gama iska tana kora shi bakin gaɓa. Akwai sinadarai cikin mai da ke narkewa a ruwa ko da ido bai ga komai ba. Sukan ratsa ƙwai su taɓa zuciyar ɗan kifin da ke ciki. Sai ruwa ya taru kewaye da zuciyar, ƙashin baya ya lanƙwashe. Wanda ya ƙyanƙyashe ma ba ya iyo da ƙarfi, nan da nan wani ya haɗiye shi.

Binciken da aka yi bayan jirgin Exxon Valdez ya zubar da ɗanyen mai a tekun Alaska ta Amurka a 1989 ya nuna cewa wajen kashi ɗaya cikin biliyan na sinadaran nan ya isa ya lahanta ƙwai. Wato kamar ɗigo ɗaya cikin durom 250 na ruwa. A nan Nijeriya, bututun mai ya fashe sau biyu a Bodo ta ƙasar Ogoni a 2008, man ya rufe dajin bakin ruwa inda ƙananan kifaye ke girma. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 ya ce gyaran ƙasar Ogoni zai iya ɗaukar shekara 25 zuwa 30.

Ma'adinai ma suna da nasu. Kifi yana bukatar ɗan ƙanƙanin sileniyam, amma idan ya yi yawa, uwa takan zuba shi cikin ƙwanta. A tafkin Belews na Amurka, tokar gawayin tashar lantarki ta kawo shi a shekarun 1970. Manyan kifayen suna nan, 'ya'ya ne babu, har yawancin irin kifin tafkin suka ƙare.

Ba mu da rijiyar mai a ƙauyukanmu, amma muna da injin ban ruwa da babura. Baƙin man da muke juyewa a bakin rafi da rani, ruwan farko yakan kwashe shi zuwa fadama daidai lokacin da tarwaɗa ke shirin zuba ƙwai. Mu tara shi cikin jarka mai murfi, mu wanke babura nesa da ruwa. A taron zumunta na gaba, sai mu tambayi masuntanmu wane irin ƙananan kifi ne suka daina gani a koma, kuma tun yaushe.