Darasi na 14: In Magini Ya Bar Aiki

A ce wani maigida a Wurno ya ba magini jingar gyaran ɗaki. Za a cire azara a sa kwano. Ya ba shi kuɗin duka, ba takarda, ba shaida. Magini ya kware rufin, ya tafi wani aiki a Gwaram. Ga damina ta matso, ga iyali ba wurin kwana. Yaya maigida zai yi?

Kada ya yi faɗa. Kada ya kama akuyar magini ko kayan aikinsa. Wanda ya ɗauki doka a hannunsa ya mai da kansa mai laifi.

Da fari sai ya sami magini gaban dattawa biyu, a yanka masa rana. In rana ta wuce, ya je wurin mai unguwa ko dagaci, ya ce, "Ranka ya daɗe, ga abin da ke tsakanina da wane." Sulhu ya fi sauƙi, ya fi araha.

In sulhu ya ƙi, sai ya kai ƙara kotun shari'a a Birnin Kudu. Magatakarda zai rubuta ƙara, a kai wa magini sammaci. Alƙali ya na da ikon sa shi ya gama aikin, ko ya mayar da kuɗin abin da bai yi ba. Kada maigida ya sa wani ya ƙarasa ginin tukuna, sai shaidu sun ga inda aka tsaya.

Amma ga inda wuyar ta ke. A shari'a mai ƙara shi ke kawo shaidu. In ba shi da su, magini ya musa, ya rantse, kuɗi sun tafi.

Saboda haka kafin a taɓa ginin, a rubuta takarda. Alƙur'ani ma ya yi umurni a rubuta bashi, a Suratul Baƙara, aya ta 282. A rubuta irin aikin, da kuɗinsa, da ranar gamawa. Ku biyu ku sa hannu, shaidu biyu su sa. Kafin alƙalami ya zama kaɗan. Sauran a biya bi da bi, in aiki ya ci gaba.

Wanda ya iya karatu shi zai duba takardarsa da idonsa.

Tambayoyi
1. Wa ke kawo shaidu a gaban alƙali?
2. Abu nawa za a rubuta a takardar jinga?
3. Rubuta takardar jinga tsakaninka da kafinta.